Ku ba mu labarin Moser, ma'aikacin da ya yi shekara 5 a tsare

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku na tarihi inda baƙonku ya ce kyan aikin gwamnati a Jamus ya samo asali ne daga biyayya, wai ma'aikacinsu idan an ce yi, yi yake yi, ba ya tambaya. Da gaskiyarsa, amma rabinta ya faɗa. Akwai ma'aikacin da Jamusawa ke tunawa da shi har yau saboda ya ƙi, sunansa Johann Jacob Moser.

An haife shi a Stuttgart a 1701. Masanin shari'a ne, ya yi karatu a Tübingen, ya kuma fara koyarwa a jami'ar yana ɗan shekara 19. Mutum ne marar zama wuri ɗaya: ya nemi aiki a Vienna, ya koyar a Frankfurt ta bakin kogin Oder daga 1736, ya buɗe makarantar horar da ma'aikata a Hanau a 1749. Kusan duk inda ya je sai ya saɓa da na sama, don ba ya iya haɗiye magana. Ni dai ba na jin zama da shi a ofis ɗaya zai yi daɗi.

A 1751 ya koma gida Württemberg, ɗaya daga ƙasashen daular Jamus mai nata sarkin, ya zama mai ba majalisar ƙasa shawara kan shari'a. Majalisar ta ƙunshi wakilan garuruwa da manyan malaman coci, kuma tun yarjejeniyar Tübingen ta 1514 sarki ba shi da ikon ɗora haraji sai da yardarta. Sarkin lokacin, Karl Eugen, mai son gine-gine da shagali ne, ya kuma karɓi kuɗin Faransa bisa alkawarin ba ta sojoji. Da yaƙin shekara bakwai ya ɓarke a Turai a 1756, aka shiga kama samarin manoma ƙarfi da yaji, sarki kuma ya miƙa hannu zuwa asusun majalisa. Majalisa ta riƙa aika masa takardun ƙin amincewa, fada kuwa ta san alƙalamin wa ke rubuta su.

A watan Yuli na 1759 sarki ya kira shi Ludwigsburg, daga nan aka wuce da shi ganuwar Hohentwiel, can a kan dutse kusa da garin Singen. Ba tuhuma, ba alƙali. Yana da shekara 58. Don a ƙuntata masa sosai, aka hana shi takarda da tawada, mutumin da ya riga ya wallafa juzu'i 50 kan dokokin mulkin daular Jamus. Sai ya ɗauki ɗan almakashin da ake gyara lagwanin kyandir da shi, yana karta baitocin addini da tsininsa a jikin bango da gefen shafukan 'yan littattafan da aka bar masa, har suka kai ɗaruruwa. Yana can matarsa ta rasu a 1762, bai ga gawarta ba.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne yadda ya fito. Sarki ya ce zai sake shi in ya amsa laifinsa ya roƙi afuwa. Dattijo, bayan shekara 5 a ɗaki mai sanyi, ya ce ba shi da laifin da zai amsa. Sai da kotun sarkin sarakunan daular Jamus da ke Vienna ta ba da umarni, Sarki Frederick na Prussia ma ya sa baki, sannan aka buɗe masa ƙofa a watan Satumba na 1764.

Kada mai sauraro ya ɗauka an yi masa tarbar nasara. Manyan majalisar da ya sha wuya dominsu ba su yi marmarin dawowarsa ba, domin su ma yana tambayarsu yadda suke kashe kuɗin jama'a a ɓoye. A 1770 sarki da majalisa suka sasanta, aka sake tabbatar da tsofaffin haƙƙoƙin ƙasa, a shekarar kuma Moser ya bar aikin. Ya koma ga rubutunsa har ya rasu a Stuttgart a 1785. Ɗansa Friedrich Karl ya riƙe babban muƙami a Hesse-Darmstadt, shi ma rigima da mai gidansa ta raba shi da kujera a 1780.

Don Allah ku nemo masanin da zai yi mana bayanin yadda kotu a Vienna ta iya tilasta wa sarki mai sojojinsa ya saki fursuna, domin wannan ɓangaren ne na fi son ji.

Naku,
Tsohon ma'aikacin gwamnati, daga Katsina