Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 Ga 'Yan Ƙungiyarmu Ta Masu Wasan Harbi A Kwamfuta

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaba, iyayen ƙungiya, ma'aji, 'yan kwamitin gyara da sauran 'yan uwa, barkanmu da ganin ƙarshen wannan shekara lafiya. Ga bayanin abin da muka yi a 2025, kamar yadda ofishin sakatare ya saba kawo muku.

Kowa ya san halin da muka shiga tun 27 ga Satumban 2023, ranar da kamfanin Valve ya maye gurbin Counter-Strike: Global Offensive da Counter-Strike 2. Tsohon wasan, wanda ya fito a 2012, kusan kowace kwamfuta tana ɗaukarsa ko da da ɗingishi. Sabon kuwa mafi ƙarancin abin da yake nema shi ne Windows 10 mai 64-bit, furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) irin Core i5 750 ko wadda ta fi ta, ram (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) 8GB, katin hoto mai 1GB da ke aiki da DirectX 11, da fili 85GB. Wannan kuma na buɗe wasan ne kawai, ba na jin daɗinsa ba. Yawancinmu kwamfutocin hannu muke da su, irin Dell OptiPlex 7010 da HP EliteDesk 800 G1 da tsofaffin laftof na ofis, waɗanda ba don wasa aka ƙera su ba. Shi ya sa a taron farkon shekara muka yanke cewa bana ba gasa za mu sa a gaba ba, gyara za mu sa: kowace kwamfutar ɗan ƙungiya a tatse ta iya ƙarfinta kafin a ce masa ya sayi wani abu.

Ƙa'idar farko da kwamiti ya kafa ita ce awo. Duk wanda ya kawo kwamfuta yana cewa tana hankin, ba a taɓa ko noti ɗaya sai an auna. Ana kunna lissafin FPS, wato yawan hotunan da kwamfuta ke zanawa a kowane sakan, ta hanyar rubuta cl_showfps 1 a cikin wasan, a kuma buɗe manhajar MSI Afterburner domin a ga zafin furosesa da na katin hoto da irin nauyin da ke kan kowannensu. Ana yin gwajin a taswira ɗaya, Dust II, a bi hanya ɗaya, a jefa hayaƙi a wuri ɗaya, domin hayaƙin sabon wasan yana cikin abubuwan da suka fi durƙusar da tsohuwar kwamfuta. Sai a rubuta a littafin ƙungiya. Da farko wasu sun ga ɓata lokaci ne, amma awon ne ya raba mana gardamar da muka daɗe muna yi. Idan katin hoto ya cika maƙil furosesa tana hutawa, rage kyawun hoto zai taimaka. Idan furosesar ce ta ƙure, ko ka mayar da hoton kamar na tsohuwar talabijin ba za ka ga wani canjin kirki ba. A kan tsofaffin i5 masu ƙwaya huɗu, sau da yawa furosesar ce ke fara gajiya a Counter-Strike 2.

Awon ya kuma raba mana abu biyu da ake cakuɗawa. FPS daban, jinkirin layi da muke kira ping daban. Mu a nan sabobin Turai ko na Afirka ta Kudu muke shiga, wato manyan kwamfutocin da ke haɗa 'yan wasa ta intanet, tazarar kuma ba ta raguwa don an sa sabon kati. Akwai ɗan uwa da ya kusa sayar da keken ɗinkinsa don ya sayi kati, alhali hotonsa lafiya lau yake tafiya, layinsa ne yake yankewa. Igiyar intanet daga rauta zuwa kwamfuta, maimakon wayales, ita ta rage masa matsalar.

Aikin da ya fi kowanne amfani a bana shi ne wanda ya fi kowanne araha, wato sharar ƙura. Ina so in ɗan tsaya a kansa. Mun yi zaman shara sau biyu, ɗaya da hunturu ya ja baya, ɗaya kuma bayan ƙaramar Sallah, daidai lokacin da zafin Afrilu ke haura digiri 40 a Kano. Abin da muka gani a cikin wasu kwamfutocin sai wanda ya gani: ƙurar hunturu ta haɗu da gashi da zare ta zama kamar bargo tsakanin fanka da ƙarfen sanyaya, iska ba ta da ta inda za ta bi. Furosesar Intel idan zafinta ya doshi digiri 100 da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Wannan ne dalilin da ya sa mutum zai fara wasa lafiya, bayan minti goma ko sha biyar komai ya fara tsaitsayawa, ya ɗauka ko ƙwayar cuta ce ta shiga. Mun hure su da bulowa, muna danne fanka da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Mun goge tsohon man kan furosesa wanda ya bushe ya zama kamar alli, muka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake. A cikin littafin awo, kwamfutocin da aka yi wa wannan kaɗai su ne suka fi nuna bambanci tsakanin kafin da bayan, musamman wajen daina tsaitsayawa. Ina roƙon masu laftof su daina ɗora su a kan katifa ko darduma mai laushi. Ko murfin kwalba huɗu ka sa a ƙarƙashi iska za ta samu hanya. Kuma wanda ya ji an ce man goge baki yana maye gurbin man furosesa, don Allah kada ya gwada. Mun karɓi guda ɗaya da aka yi wa haka, sai da muka sha wahala kafin ta dawo.

Daga nan sai ƙananan kurakurai da ba sa cin ko sisi. Mun samu kwamfutar tebur da aka soke igiyar allonta a jikin madabod (babban faifan da komai ke haɗe da shi) maimakon katin hoto, katin hoton yana zaune a banza tun ranar da aka saye shi. Mun samu laftof masu katin hoto biyu da wasan ke tafiya a kan ƙaramin, sai da aka shiga saitin Windows aka zaɓa masa babban. Wasa a kan batir idan an ɗauke wuta yana rage gudu sosai, haka ma caja mara ƙarfi, domin wasu laftof idan ba su gane cajar ba sukan rage wa furosesa gudu. Burauza mai shafuka ashirin a buɗe a bayan wasa ita ma tana cinye ram.

A ɓangaren saitin cikin wasa, darasin da muka fi maimaitawa lissafi ne mai sauƙi. Hoto mai faɗin 1920 da tsayin 1080 ɗigo 2,073,600 ne, kuma katin hoto sai ya zana su duka a kowane hoto. Idan ka sauko 1280 da 720, ɗigo 921,600 ne, bai kai rabi ba. Wasu sun fi son 1280 da 960 a miƙe shi ya cika allo, kamar yadda ƙwararrun 'yan wasa da yawa ke yi, masu rauni sosai kuma 1024 da 768. Mun sauke saitin gyaran gefen hoto da na ƙyalli da na tartsatsi, mun kashe V-Sync, saitin da ke daidaita hoton wasa da gudun allo, saboda jinkirin da yake sa wa linzami. Inuwa ce kawai muka hana a kashe gaba ɗaya, domin inuwar abokin gaba takan riga shi leƙowa daga kwana. Akwai kuma FSR, fasahar da AMD ta fitar a 2021, wadda ke zana hoto ƙarami ta buɗa shi. Tana cikin wasan, tana kuma taimakon masu raunin kati, sai dai hoton yakan yi dishi-dishi daga nesa. A nan ra'ayi ya rabu a kwamiti, muka bar wa kowa zaɓinsa.

Ni dai a ganina abin da ya fi muhimmanci a duk wannan shi ne daidaito. A FPS 60 kowane hoto yana ɗaukar kusan milisakan 16.7, a 30 kuma 33.3. Wasan da ke tsalle daga 110 ya faɗo 40 ya sake hawa ya fi wahalar da hannu a kan wanda ya tsaya a 60 bai motsa ba, domin hannu yana sabawa ne da abin da ba ya canzawa. Saboda haka muka koya wa mutane su ƙayyade shi da fps_max a inda kwamfutarsu za ta iya riƙewa. Hakan yana rage zafi, ga shi kuma allunan yawancinmu 60Hz ne. Matasanmu ba su so wannan shawara ba da farko, kowa yana son ganin babbar lamba a kusurwar allo, amma waɗanda suka jure mako guda ba su koma ba.

Sai maganar sayayya, inda muka samu nasara muka kuma yi asara. Nasarar ita ce ram. Duk mai sanda ɗaya mun shawarce shi ya ƙara ta biyu irinta, domin sanda biyu suna buɗe hanya biyu, kuma kwamfutar da ke dogara da katin hoton cikin furosesa ita ta fi kowa cin moriyar hakan, tunda daga ram ɗin take aro. Ram irin DDR3 na hannu bai fi ƙarfin aljihun yawancinmu ba, sai muka haɗa kuɗi muka saya tare. SSD kuma, wato ma'ajiyar bayanai mai sauri, mun faɗa wa kowa gaskiya: ba ya ƙara FPS a zo a gani, amma yana sa taswira ta buɗe da wuri, yana kuma rage sarƙewar da tsohon hard disk ke jawowa. Wajen kati, ƙananan OptiPlex ɗin nan wutarsu wat 240 ce ko kusa da haka, akwatin kuma siriri ne, don haka sai gajeren kati da ba ya neman igiyar wuta ta daban, kamar GTX 1050 Ti mai cin wat 75 ko GT 1030 mai cin 30. A kula, GT 1030 iri biyu ne, mai GDDR5 da mai DDR4, suna ɗaya amma na biyun ya yi ƙasa sosai. A karanta kwali da kyau.

Asarar kuwa, da kuɗin ƙungiya muka sayi kati daga wani mai sayarwa a intanet a kan cewa GTX 1050 Ti ne. Windows ma haka ta nuna. Da wasa ya ƙi tafiya muka buɗe GPU-Z, manhajar da ke nuna ainihin bayanan kati, sai ga shi tsohon GTS 450 ne na 2010 aka sauya wa suna. Mai kayan ya daina ɗaga waya, kuɗin bai dawo ba. Kwamiti ya ɗauki alhakin gaggawar da aka yi, kuma daga ranar muka kafa doka: ba a biyan kuɗin kati sai an soka shi a kwamfuta, an duba da GPU-Z, an yi wasa da shi a gaban mai sayarwa. Haka nan muna ƙara jan kunne game da manhajojin da ake tallatawa wai suna ninka FPS. Waɗanda muka gwada ba su ƙara komai ba, ɗaya ma tallace-tallace ta cika wa ɗan uwa kwamfuta da su har sai da aka sake mata Windows.

Akwai kwamfutocin da muka yi wa duk abin da muka sani amma Counter-Strike 2 ya fi ƙarfinsu, irin masu Core 2 Duo da laftof masu Intel HD 4000. Ba mu ɓoye wa masu su ba, kuma ba mu yarda su zama 'yan kallo ba. Wasu sun koma Valorant, wanda bai kai shi nauyi ba. Sannan muka dawo da zaman Counter-Strike 1.6, na 2003, a kan igiya tsakaninmu ba tare da intanet ba, ranar Asabar bayan La'asar. Babu kwamfutar da ta gaza ɗaukarsa, babu kuɗin data, babu ping. A gaskiya wannan zama ya fi kowane taro namu cika a bana, har manyanmu da suka fara wasan a shagunan intanet shekaru ashirin da suka wuce sun dawo suna koya wa yara. Dokarmu tana nan: ana kiran sallah ake ajiye linzami, kuma ɗalibi ba ya zama a makon jarrabawa. Muna godiya ga ɗan uwan da ya ba mu aron shagonsa da janareta, da waɗanda suka riƙa haɗa kuɗin mai.

Abu biyu ne ke gabanmu da ba mu warware ba. Na farko, Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma kusan duk kwamfutocinmu ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, wadda ke neman na'urar tsaro ta TPM 2.0 da furosesar Intel ta ƙarni na takwas zuwa sama. Wasannin suna tafiya har yanzu, amma maganar tsaro ce, musamman ga masu harkar banki a kan kwamfutar da suke wasa. Biyu daga cikin 'yan kwamiti sun fara gwada Linux a madadin Windows, tunda Counter-Strike 2 yana aiki a kansa, sai dai Valorant ba ya yi. Na biyu, Nvidia ta kawo ƙarshen sababbin direbobin wasa (manhajojin da ke sarrafa kati) na katunan zuriyar GTX 750 Ti da GTX 1050 Ti a ƙarshen 2025, sai gyaran tsaro kawai. Katunan ba su mutu ba, amma duk mai shirin saye ya sa wannan a lissafinsa kafin ya biya tsada.

Cikakken lissafin shiga da fita, har da kuɗin katin da muka yi asara, yana hannun ma'aji, kuma kowane ɗan ƙungiya yana da damar dubawa. Littafin awo yana wurina. Waɗanda ba su biya kuɗin wata ba su daure su cika kafin babban taro, wanda za mu yi kafin azumi in Allah ya kai mu, inda za a zaɓi sabon kwamitin gyara a kuma yanke shawara kan Windows. Ranar za a yi sharar ƙura ta farko ta sabuwar shekara, don haka kowa ya zo da kwamfutarsa da cajarta, wanda yake da sukundireba ƙarama ya taho da ita.

Wassalamu alaikum.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin gudanarwa