Wasiƙa zuwa ga abokan cinikinmu masu firintar 3D a gida

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, dalilin wannan wasiƙa shi ne wani abu da muke yawan gani a teburin gyara. Da yawa daga cikin injunan da ake kawo mana wai sun lalace, lafiyarsu lau. Abin da ke damun su bai wuce datti a farantin da ake buga aiki a kai ba, ko zaren roba da ya sha danshi, ko nozul, wato bakin da narkakkiyar roba ke fitowa, da ya toshe. Gyara sana'armu ce kuma muna son aiki, amma ba ma jin daɗin karɓar kuɗin mutum a kan abin da sabulu da ruwan ɗumi za su magance. Don haka kafin ku ɗauko inji, ga abin da za ku duba.

A fara da faranti, domin shimfiɗar farko ita ce tushen aikin baki ɗaya. Idan ba ta kama ba, duk abin da aka ɗora a kanta banza ne. Maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya hana roba mannewa, shi ya sa muke cewa a daina dafa tsakiyar farantin da hannu. Idan mai cirewa ne, a cire shi a wanke da sabulun wanke-wanke, a bar shi ya bushe sarai, sannan a riƙa goge shi da sifirit na isopropyl tsakanin aiki da aiki. Bayan haka sai saiti. A ɗumama faranti da nozul, a zura farar takarda tsakaninsu a kowace kusurwa da kuma tsakiya, a daidaita har takardar ta riƙa wucewa da ɗan gurzawa. A sake zagayawa, don juya kusurwa ɗaya yana taɓa sauran. Masu inji mai auna faranti da kansa kada su miƙe ƙafa: na'urar tana gano karkata ne, amma tazarar nozul sau da yawa sai kun gyara da idonku. Ku tsaya ku kalli shimfiɗar farko tana sauka. Idan layukan sun fito zagaye kuma a rarrabe, nozul ya yi nisa. Idan sun yi siriri har ana hango faranti ta cikinsu, ya matse da yawa.

Ga zaren roba nau'in PLA, zafin faranti digiri 50 zuwa 60 na ma'aunin Celsius ya wadatar, nozul kuma tsakanin 190 da 220. Nau'in PETG yana son nozul 230 zuwa 250, faranti kuwa 70 zuwa 85. Wannan PETG ɗin yana da wani hali: yakan manne wa gilashi ko faranti mai santsi har ya ɓalle wani sashe nasa. A shafa ɗan gam na sanda kafin a fara, kuma a jira faranti ya huce kafin a ɗaga aiki.

Sai zare, wanda shi ne mutane suka fi musanta mana. Roba tana shan danshin iska, ko da a ido ba a ga komai ba. Zaren nailon da na TPU mai lanƙwasuwa su ne kan gaba, PETG na biye da su, PLA ma bai tsira ba idan ya daɗe a buɗe. Alamarsa a fili take: za ku ji ƙara tas-tas daga nozul, jikin aikin ya yi kaushi, ga silili tsakanin sassa kamar saƙar gizo. Mutum sai ya shiga manhajar shirya aiki, Cura ko PrusaSlicer, ya yi ta sauya lambobi, alhali matsalar tana kan naɗin zaren. A busar da PLA a digiri 45 zuwa 50 na awa huɗu zuwa shida, PETG a wajen digiri 65. Mu dai ba mu yarda da tandar girki a wannan aiki ba, saboda zafinta hawa da sauka yake yi, PLA kuwa yana fara laushi a wajen digiri 60, sai naɗin ya manne da juna a yi asarar kilo guda. Bayan an busar, a adana a mazubi mai murfi tare da ƙwayoyin silika. Silika tana tsare busasshen zare ne, ba ta iya fitar da ruwan da ya riga ya shiga. Kuma kada a saki bakin zaren ya yi lilo, a soke shi a ramin gefen naɗin, in ba haka ba zai shige ƙarƙashin ɗan'uwansa ya sarƙe a tsakiyar aiki.

Ramin nozul na yau da kullum milimita 0.4 ne, zaren kuwa 1.75, saboda haka ɗan ƙanƙanen datti ya isa ya tsayar da komai. Idan giyar da ke tura zare ta fara ƙas-ƙas, ko roba na fitowa a karkace, to an samu toshewa. A kai nozul zafin aiki, a tura zare da hannu, a bar zafin ya sauko wajen digiri 90 idan PLA ne, sannan a fizge zaren. Dattin zai biyo bakin zaren. A maimaita har ya fito fes. Idan kuma aiki yana farawa lafiya sai ya tsaya bayan wani lokaci, a duba ƙaramar fankar da ke sanyaya saman kan injin. In ta mutu ko ƙura ta cika ta, zafi yana haurawa sama ya narkar da zare tun bai iso inda ya kamata ba. Wajen canza nozul, a ɗaure shi da zafinsa, a riƙe tubalin zafin, wato ƙarfen da nozul ke ɗaure a jikinsa, da sifana, a yi hattara da siraran wayoyin da ke gefensa. Wanda aka ɗaure da sanyi yoyo zai yi. Zare mai haɗin kabon ko mai haske a duhu yana cinye nozul na tagulla da sauri, sai a sa na ƙarfe mai tauri.

Idan aiki ya goce gefe a tsakiya, yawanci bel ne ya saki, ko ɗan sukurun da ke riƙe fuli, wato ɗan tayan da ke jan bel, a jikin sandar moto ya kwance. A ɗaure, amma kada a ja bel har ya yi kuka. Ɗan giris a sandar da ke ɗaga kai sama ya isa, ban da bel da tayoyin roba.

Shawarar da muka fi so ku riƙe ita ce a canza abu ɗaya a lokaci ɗaya. A sauya zafi kaɗai, a buga ɗan ƙaramin gwaji, a rubuta abin da aka gani, sannan a taɓa na gaba. Wanda ya sauya abu biyar tare, ko aikin ya gyaru bai san me ya gyara shi ba.

Akwai kuma abin da ba na gida ba ne. Idan kun ji ƙaurin waya, ko kun ga mahaɗin wuta ya yi baƙi, ko allo yana yawan nuna gargaɗin cewa zafi ya ƙi saituwa, ku zare fulogi nan take. Kada ku kashe wannan kariyar a manhajar injin don ta dame ku, ita ke tsakaninku da gobara. Kada a buɗe akwatin wuta, kada a tafi a bar inji yana aiki ba kowa a gida, kuma mai buga zare nau'in ABS ya buɗe taga saboda tururinsa ba na shaƙa ba ne.

Idan duk an gwada abin ya ƙi, ƙofarmu a buɗe take. Ku turo hoton shimfiɗar farko, da irin zaren, da zafin da kuka sa. Aikin da ya lalace kuma kada a jefar da shi, a haɗo mana tare da injin, domin daga jikinsa muke fara gane inda matsalar take.

Mun gode da cinikinku. Allah ya bar zumunci.

Naku,
Ma'aikatan sashen gyara