Farar ƙasa da ruwan masana'antun jima na Kano

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ka ba ni ɗan fili in yi magana kan ruwan da masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa da Bompai ke saki. A ɗakin gwaji na wani kamfanin fata na yi aiki har na yi ritaya, don haka ganau ne ni, ba jiyau ba.

Duk sanda aka tayar da zancen, sai masu kamfani su ce injin tace ruwa sai an yo odarsa daga Turai, kuɗi kuma babu. Alhali maganin farko yana jibge a sitonsu: farar ƙasa, wadda suke jiƙa fata da ita don gashi ya fita. Dutsen da ake ƙonawa a samo ta ma namu ne, irinsa ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka ta Gombe ana yin siminti.

Abin da ya fi damuna shi ne kurom, sinadarin da ke mai da fata shuɗiya. Muddin ruwan na da tsami, a narke yake, ba abin da zai tare shi. Amma in aka dama farar ƙasa, ana zubawa kaɗan-kaɗan ana juyawa har pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya kai tsakanin 8 da 9, sai kurom ya kame ya kwanta a gindin tanki kamar ƙullun kamu, ruwa ya taso sama. In aka zabga ta ba awo kuwa, pH ya haura sosai, wani sashensa sai ya sake narkewa ya bi ruwa. Aikin na mai haƙuri ne da ya iya awo, ba na leburan da aka miƙa wa shebur aka tafi ba.

Sai ɓarnar da na sha gani da idona: a haɗa ruwan cire gashi da ruwan kurom a kwata ɗaya. Na farkon yana ɗauke da wani sinadari da ake kira salfaid, da ya gamu da tsami sai ya saki iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ba wari kawai ba ce, tana iya kashe wanda ya shiga yasar rami. Raba kwatocin biyu aikin birkila ne.

Farar ƙasa dai ba ta gama komai. Gishirin da ke cikin ruwan yana nan, kuma laka tana taruwa da yawa a gindin tanki. Wanda ya kwashe lakar ya zubar a bayan katanga, damina ce za ta mai da masa ita rafi. Daga Bompai rafin Getsi ne zai kai ta Jakara har dam ɗin Wasai, inda masu lambu ke ban ruwan salak da kabejin da muke saye.

Tun 2007 aka kafa NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, ta kuma fitar da dokokin masana'antun fata da masaƙu a 2009. Roƙona ga jami'anta da na ma'aikatar muhalli ta jiha, in sun je duba kamfani kada su tsaya ga ɗiban ruwa a kwalba. Su ce a nuna musu littafin awon pH na kullum, da inda aka kai lakar watan jiya.

Wassalam.

Naka,
Tsohon ma'aikacin kamfanin fata,
Panshekara, Kano.