Wasiƙa Daga Tudun Wada: Cigiyar Kyanwar Auta

Tudun Wada, Zariya.

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, da uwargida da yara. Yaya sanyin Ingila? Kada ka yi mana kuri da shi, mu ma bana hunturu bai raga mana ba.

Sanyin nan ne ma ya jawo abin da zan ba ka labari. Ka tuna farar kyanwar nan mai baƙin kunne ɗaya, wadda 'yarka Auta take goyawa da ɗankwali lokacin da ka zo hutu? To, wayar gari muka yi babu ita. Auta ta ƙi abinci, makaranta ma sai da lallashi.

Sai na tuna hirarmu, da ka ce a can akwai gidajen ajiye dabbobin tsintuwa, kuma tun watan Yunin 2024 doka ta wajabta a sa wa kyanwa wata 'yar na'ura a ƙarƙashin fata, da an haska sai a gano mai ita, wanda ya ƙi kuma a ci shi tara har fam 500. Mu nan ka san abin da muke da shi, cigiya. Na saɓa babbar riga na nufi gidan mai unguwa.

Na tarar da akuya da wani ɗan rago ɗaure a turke, duk na tsintuwa. Tsarin yana nan yadda ka bar shi: wanda ya tsinci dabba ya kawo, a sanar a masallaci, mai ita ya zo ya faɗi kamanninta tun kafin a nuna masa, sannan ya biya kuɗin dusa da harawar da ta ci. Da na ce kyanwa nake nema, tsohon ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, “Malam, kyanwa ai ba ta ɓata, sai dai ta sake gida.” Liman ne ya tsaya mini. Bayan sallar isha ya yi sanarwa, da ya ji ana 'yan dare-dare a sahun baya sai ya tuna wa jama'a hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha. Nan take kowa ya kama kansa.

Na bi mahauta, na bi masu suyar kifi da mai shayin bakin titi. Babban yaronka kuwa ya yi wa almajiran unguwa alkawarin tukwici, ai kuwa muka ga kyanwoyi! Kowane ya zo da buhu yana motsi. Ja, baƙa, mai ciki, har da wani ƙaton muzuru da ya yage wa yaron hannun riga. Ɗaya ma ta Hajiyar bayan layinmu ce, sai da uwargida ta je ba da haƙuri.

Bakin zaren ya fito ne daga inda ba mu zata ba. Maƙwabcinmu da ke aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ya ga hotonta a WhatsApp, ya ce a safiyar da ta ɓata ya ji wani kuka a gaban motarsa wajen Kwangila, ya ɗauka fanbel ne. Da ya isa Samaru ya buɗe bonet, sai ya ga farin gashi a kan inji. Shi ya ce mu gwada asibitin koyarwa na dabbobi da ke cikin jami'ar.

Can muka same ta. Wani ɗalibin likitan dabbobi ne ya tsince ta laɓe a cikin kwalbati, ƙafar baya ta ƙone, ya sako ta a kwali ya kai aka wanke ciwon aka ɗaure. Tunda wurin asibiti ne ba gidan ajiya ba, a ɗakinsa take kwana, yana saya mata kifin gwangwani daga ɗan kuɗin abincinsa. Shi ma bai fito da ita ba sai da ya ce a faɗi kamanni. Auta ta ce, “Kunnen hagu ne baƙi, kuma ƙarshen wutsiyarta a karkace yake.” Ni kaina ban taɓa lura da wutsiyar ba.

Likitar ta ce lokacin sanyi kyanwa kan shige cikin injin mota don ɗumi, saboda haka a riƙa bubbuga bonet ko a yi hon kafin a tayar. Ta ce kuma kyanwar da ta tsorata ba ta amsa kira, shiru take yi a lungu, gara a neme ta da tocila da dare. An yi mata rigakafin ciwon haukan kare; ashe kyanwa ma tana ɗauka har ta sa wa mutum, kuma da zarar alamu sun bayyana da wuya a tsira. Ɗalibin nan kuwa, na yi juyin duniya ya karɓi wani abu, ya ƙi, wai addu'a yake so, jarrabawa ta matso. Ni dai a ganina, garin da ke horar da likitocin dabbobi bai kamata a ce ɗakin ɗalibi ne kaɗai mafakar irin waɗannan ba.

Yanzu ƙafar ta fara takuwa. Maƙwabcin namu kuma ya riƙe shawarar likita da ƙarfi, kullum ƙarfe shida sai ya tashi layi duka da hon.

In za ka aiko da saƙo da azumi, haɗo mana da abin wuyan nan da ake rubuta lambar waya a jiki. Auta ta ce ja take so. A gaida uwargida da yara, Inna ma tana gaishe ka, tana tambayar yaushe za ka zo.

Wassalam,
Naka har kullum,
Amininka na Tudun Wada.