Ƙwayoyin Rage Ƙiba Sun Shigo Kasuwannin Ƙauye

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin jama'a da hukumomi kan ƙwayoyi da shayin rage ƙiba da yanzu ake bazawa a tabarma ranar kasuwa a ƙauyukanmu, gefe guda da maganin basir da na ciwon baya. A da "sha ka fashe" ne ya addabe mu, lokacin da kowace amarya ke son ta yi jiki. Yau kuma tallace-tallacen wayar hannu sun juya abin, har masu jego da magidanta masu tumbi suna neman abin da zai zabge su cikin mako biyu.

Da yawa daga cikin waɗannan magunguna zaburar da ƙwaƙwalwa da jijiyoyi suke yi, irin aikin ƙwayar nan mai hana barci da ake kira amfetamin. Yunwa ta ɗauke, baki ya bushe, barci ya ƙaurace, zuciya ta riƙa bugu da sauri, jini ya hau. Mai sha tana murnar zani ya fara yi mata yawa, alhali zuciyarta ce take ɗaukar wahalar. Idan ta daina, sai kasala da ƙunci su rufe ta, cin abinci ya dawo da ƙarfinsa, ƙibar ma ta biyo baya, shi ya sa wasu suke komawa har abin ya zame musu jaraba.

Ƙasashen da suka ƙera su sun riga sun ga illarsu. An janye wani maganin rage ƙiba mai suna fenfluramine a Amurka a 1997 saboda yana lalata ƙofofin zuciya, aka haramta kayan rage ƙiba da ake haɗawa da tsiron ephedra a can a 2004, sannan a 2010 Amurka da Tarayyar Turai suka dakatar da wani maganin mai suna sibutramine bayan an gano yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Abin takaici, har yanzu ana kama wannan sibutramine ɓoye cikin kayan da aka rubuta wa "na ganye zalla".

Tsorona ya fi yawa a kan masu jego, domin ciwon zuciyar da ke biyo bayan haihuwa sananne ne a Arewacin Najeriya, kuma mutane da dama a karkara suna yawo da hawan jini ba su taɓa gwadawa ba. Wadda zuciyarta ta raunana, ga shayarwa, ga zafin bazara, idan ta yanke jiki ta faɗi da dare, babban asibiti yana da nisa.

Ina kira ga hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, da hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA, su riƙa leƙa kasuwannin mako-mako, kada sintiri ya tsaya a birane. Ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi kuma su riƙa tambayar mata ranar rigakafin yara ko suna shan wani abu na rage teɓa, su kuma yi musu gwajin hawan jini.

Wassalam,
Mai karatu daga Ƙaramar Hukumar Ringim, Jihar Jigawa