Kokenmu ga Mai Martaba Sarkin Katsina kan Hasumiyar Gobarau

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, Alhaji Abdulmumini Kabir Usman, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ranka ya daɗe, mu ne talakawanka mazauna kewayen Gobarau, dattawa da matasa, muka ga gara mu kawo kuka gidan da za a share mana hawaye tun damina ba ta sake zagayowa ba.

Mun san ba mu ne za mu ba fada tarihin wannan gini ba, amma dai tun muna yara ake faɗa mana tun zamanin Sarki Muhammadu Korau yake, a ƙarni na 15, lokacin da Shehu Magili ya zo Katsina, nan ne masallacin Juma'a kuma nan ne makaranta, har kakanni suna ba da labarin gardamar alƙibla da aka yi wajen ginin, wai Malam Jodoma ya nuna da sandarsa jama'a suka hango Ka'aba. Yau abin da ya rage mana hasumiyar ce kawai, kamar mita 15, ta ƙasa, asalinta ya haura shekara 500.

To ranka ya daɗe ginin ƙasa ai kamar tsoho ne, sai da lallaɓawa. Duk ruwan da aka yi sai ya ɗan zaftare yaɓen, ka shafa bango ƙasa ta biyo hannunka, ga leda da robar ruwa a gindi, yara kuma sun mai da matakalar wajen tsere. Wallahi ranar nan wani baƙo ya tambayi wani yaronmu wa ya gina nan, yaro ya ce Turawa! Kunya ta kama mu, mu da ake ma kirari da ta Dikko ɗakin kara.

Babban roƙonmu dai, in za a gyara don Allah kada a kawo siminti. Siminti a kan ƙasa riƙe damshi yake, waje fes ciki na ruɓewa, wata rana sai dai a ji rugum. Muna da magina 'yan gado da suka san tubali da azara, suka san yadda ake jiƙa makubar ɗorawa a yi yaɓe da ita, kuma tsufa suke yi, in ba a ba su aiki ba wa zai koya a hannunsu? A kira su su duba, a mai da yaɓen na duk shekara kafin ruwan farko.

Sai magudanar ruwa, da mai gadi, da allo ko guda ɗaya mai tarihin wurin da Hausa da ajami.

Mu kuma kwaɓa ƙasa da ɗebo ruwa da shara mun ɗauka, ba sai an biya mu ba, umarnin fada kawai muke jira ta hannun mai unguwarmu.

Allah ya ja zamanin Sarki.

Talakawanka na kewayen Gobarau, birnin Katsina