Zuwa ga ɗan ƙanwata matuƙi: amsar tambayar da ka jefo mini ta rediyo

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Muryarka ta iso mini har Birni, amma ba ta hanyar da na so ba. Wani yaro ne a fadar ƙofar gidanmu ya ajiye butar shayi, ya miƙo mini waya, ya ce, “Baba, ga ɗanka yana nemanka da faɗa.” Na saurara sau biyu. A shirin da aka gayyace ka, cewa ka yi: “Kawuna ya tsufa a hasumiyar filin jirgi, yana Damagaram yana jina. Ya gaya wa duniya, me ya sa a manyan filaye ake barinmu muna kewaya sama minti arba'in mai yana ƙonewa, wanda ya zo bayanmu ya riga mu sauka, in mun yi magana a ce mana sitanbai, wato mu dakata, kamar almajiri a ƙofar gida?” Tun da a bainar jama'a ka tambaya, a bainar jama'a zan amsa. Mahaifiyarka ta ce in bi ka a hankali. Zan gwada.

Ka tuna bazarar da kake zuwa hutu, ruwa ya ɗauke kwana uku, ran da ya dawo a tura ku famfon unguwa da bido? Ba ɗan Damagaram da za a koya wa wannan layi. Bido ya jeru har kwana, 'yan ga-ruwa sun jingine kurarsu, kan famfo kuma ɗaya ne. Mai tsaron famfon ba shi ya rage ruwa ba, ba shi ya tara mutane ba, amma duk zagin ranar a kansa yake ƙarewa. To titin saukar jirgi kan famfo ne, ɗana, mu kuma masu tsaronsa.

Ga lissafin, don masu karatu, kai ka san shi tun kana lakkol. Jirage biyu masu bin juna zuwa sauka, mafi ƙarancin tazarar da aka saba bari tsakaninsu in akwai rada mil uku ne na teku, wato kilomita biyar da rabi ko sama kaɗan. Da gudun da jirgi yake yi dab da sauka, wannan tazara tana cin minti ɗaya da 'yan daƙiƙu. Na gaba kuma sai ya taka birki ya kauce daga titin kafin na baya ya sa ƙafa. In na gaban ƙato ne, sai a ƙara, domin fikafikansa suna barin guguwa biyu a bayansa, ba a ganinsu, amma suna iya juya ƙaramin jirgi kamar yadda ake juya waina a tanda. Ƙato bayan ƙato mil huɗu, matsakaici bayan ƙato mil biyar, ƙarami shida. Ka haɗa wannan da masu jiran tashi, su ma sai an tsaga musu gurbi a tsakani. In titi yana iya karɓar jirage talatin a awa ɗaya, kamfanoni kuma suka jera arba'in a jadawalinsu don kowa yana son ya iso da hantsi, goman nan dole su jira a wani wuri. Jirgi ba ya fakawa a gefen hanya kamar motar Yamai in ta iso Birnin Ƙonni. Kewayen nan shi ne fakawarsa, kowane zagaye kusan minti huɗu, ƙafa dubu tsakanin na sama da na ƙasa, ana zare su ɗaya bayan ɗaya daga gindi.

Kuma kada ka ce lalacin ƙasashenmu ne. Filin Hitro na Landan titi biyu gare shi, jirage wajen 1,300 suke sauka da tashi a rana, an kuma ƙayyade masa 480,000 a shekara. Wurare huɗu suka ware a sararin birnin don irin wannan jira. Da suka ga iskar gaba tana rage gudun jirgi a kan ƙasa har layi yana tsawo, a 2015 suka koma auna tazara da lokaci maimakon nisa. Duk da haka ana kewayawa. Mu nan namu ciwon hazo ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu, in ƙurar nan ta taso daga wajen Cadi, ka tsaya a Zango ba ka hango duwatsun Birni, balle matuƙi ya hango fitilun titi. Gani na raguwa, tazara na ƙaruwa, famfon ya koma ɗigo.

Zancen wanda ya zo bayanka ya riga ka sauka, shi ma yana da dalili mafi yawan lokaci. Ƙa'ida dai wanda ya fara isowa shi ake fara saukewa. Amma in na jera ƙattai biyu a jere, na tara matsakaita a bayan juna, na ceci mil biyu ko uku da kowa a layin zai amfana da su, ko da kai ɗaya ka ga an tsallake ka. Wani kuma yana ɗauke da mara lafiya, ya faɗa a wani zangon rediyo da kai ba ka kai. Kai jirgi ɗaya kake gani, naka. Ni goma sha biyu nake gani, kowanne da nauyinsa da gudunsa da halin matuƙinsa.

Gajarta magana da kuke kira wulaƙanci kuwa, wannan ba zan ba ka haƙuri a kanta ba. Zango ɗaya muke rabawa, mutum ɗaya ne ke iya magana a lokaci guda. Biyu suka danna tare, ƙara kawai ake ji. A tsibirin Tenerif na ƙasar Sifen, ran 27 ga Maris 1977, cikin hazo mai kauri, jiragen Boeing 747 biyu suka yi karo a kan titi, mutum 583 suka mutu. Cikin abubuwan da suka haɗu ranar har da wannan: hasumiya ta ce wa mai shirin tashi ya dakata, ɗaya jirgin ya danna a daidai lokacin yana cewa har yanzu yana kan titi, maganganun biyu suka cinye juna. Tun daga nan aka tsuke bakin kowa, har kalmar tashi aka hana furtawa sai lokacin ba da izini ko soke shi. Mu Hausawa gaisuwarmu doguwa ce, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, kuma ni ma ina son ta. A zango mai jirage goma sha biyu, gaisuwarka tana iya zama lokacin da wani yake buƙata ya ce injinsa ya kama wuta.

Har nan na kare gidanmu. Yanzu bari in ba ka naka, domin kana da gaskiya a wuri ɗaya, kuma babban wuri ne: sitanbai ɗin nan.

Ma'anarta a littafi, dakata zan kira ka. Ba laifi a cikinta in za a kira ɗin. Laifin shi ne yadda wasunmu suka mayar da ita bargon rufe rashin sani. Ƙa'idar ICAO, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta duniya, ta ce in ana ganin jinkiri zai kai minti 10 ko fiye, a ba matuƙi lokacin da ake sa ran zai fara gangarowa, in ya sauya a sake gaya masa. Haka ake koyarwa ko'ina, har a makarantar EAMAC ta Yamai da take horar da ma'aikatan hasumiya na ƙasashe da yawa. Dalilin a fili yake. Matuƙi yana da man tafiya, da na zuwa wani filin in nan ta ƙi, da ajiyar ƙarshe ta minti 30 wadda ba a so a taɓa. Duk lissafinsa a kan agogo yake. Ka ba shi lokaci, ko mai ɗaci ne, zai yanke shawara. Ka hana shi lokaci, ka ɗaure masa hannu.

Ni na taɓa yi, shi ya sa nake faɗa da ƙarfi. Wani dare ne na hunturu a wani filin da ba zan ambata ba, lokacin dawowar alhazai. Hazo ya rufe, jirage huɗu suna kewaya a kaina, mutumin yanayi yana ta cewa ƙila ya washe. Matuƙi na uku a jerin, wani dattijo mai sanyin murya, ya tambaye ni lokaci. Na ce sitanbai. Bayan zagaye biyu ya sake. Na ce sitanbai. Gaskiyar ita ce ba ni da lokacin da zan ba shi, kuma a ƙuruciyata ina ganin abin kunya ne mai hasumiya ya ce bai sani ba. A tambaya ta uku bai jira amsa ba, ya nemi hanya zuwa filinsa na biyu, ya tafi. Allah ya kiyaye, ya sauka lafiya. Bayan kwana biyu na ji takun mutum a matakalar hasumiya. Ya shigo da hularsa a hammata, yana haki don matakalar doguwa ce, ya yi sallama, ya tambayi wanda ya yi aikin daren. Na miƙe. Ya ciro wata 'yar takarda daga aljihun gaba, ya shimfiɗa ta a kan teburina kusa da kofin shayi, ya ɗora yatsa a kan adadin man da ya rage masa lokacin da ya kashe inji. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Yaro, da ka ce mini ba ka sani ba, da na san abin yi tun da wuri.” Ya ninke takardarsa ya sauka. Da zagina ya yi, da na manta tuni.

Daga ranar ban ƙara ce wa mai tambayar lokaci sitanbai sau biyu ba. In babu, sai in ce jinkirin ba a tantance ba, ga dalili, ga yawan waɗanda ke gabanka. Daƙiƙa biyar take ci.

Sai dai igiyar tana da baki biyu, kuma ɗaya bakin a hannunku yake. Ran 25 ga Janairu 1990, jirgin Avianca mai lamba 52, Boeing 707, ya taso daga Kolombiya zuwa Niyok. Yanayi ya ɓaci, aka tsayar da shi kewaye har sau uku, jimilla minti 77. Matuƙan sun san mansu yana ƙarewa. Sun ce suna son a ba su fifiko, daga baya sun ce mai yana ƙare musu, amma kalmar nan ɗaya ta neman agajin gaggawa da take sa mai hasumiya ya watsar da layi gaba ɗaya ba ta fito daga bakinsu ba. Suka gwada sauka iska ta hana, aka zagaya da su, injuna suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Mutum 73 cikin 158 suka rasu. Masu bincike sun ɗora babban nauyin a kan matuƙan, amma ba su wanke masu tsara zirga-zirga ba, sun kuma nuna cewa babu tsayayyun kalmomi na bayyana halin mai. Yanzu akwai su. Tun 2012 ICAO ta tsayar da biyu: ɗaya ta cewa mai ya kai iyaka, ba zan ɗauki ƙarin jinkiri ba, ɗaya kuma mede, kiran neman agajin gaggawa, sau uku a haɗa da kalmar mai, in lissafi ya nuna za a ci ajiyar ƙarshe. Meden nan ma daga Faransanci aka samo ta, a taimake ni.

Wannan labari yana ba ni tsoro saboda na san tarbiyyar da muka yi muku. Mun koya muku kara, mun koya muku kada yaro ya matsa wa babba, kada a nuna gazawa a gaban mutane. A zaure abin yabo ne. A sama, in ka yi wa mai hasumiya kara, ka ce masa “da dai an ɗan duba mu,” shi zai ji kamar kowa ne, don kowa haka yake cewa. Rada tana nuna mini tsayinka da gudunka, ba ta nuna mini tankinka. Takardun da za ka cike bayan ka kira mede, da tambayoyin da kamfani zai yi maka, na san su suke sa wasunku jan ƙafa. Ka cike su, ɗana, da hannunka.

Akwai abu ɗaya da ba ka ambata ba, na kuma san yana cikin ranka: ranar da ake tsayar da kowa don wani babba zai sauka ko zai tashi, a ce minti goma, ya zama awa, shi kuwa bai ma baro gida ba. Nan ba ni da lissafin da zan kare kowa da shi. Umarni ne yake saukowa daga sama da hasumiya, mai riƙe da makirfo kuma shi ake ji, shi ake tsine wa. Sau da yawa ransa ya fi naka ɓaci. Haka in ka ji muryarsa ta yi kaushi da asuba, ƙila aikin mutum biyu yake yi. A daren 1 ga Yuli 2002, lokacin da jirage biyu suka yi karo a sararin kudancin Jamus mutum 71 suka mutu, mutum ɗaya ne yake kula da tebur biyu, babbar wayarsa kuma ba ta aiki. Wannan a Turai ke nan.

In ka samu hutu, kafin ka iso gida, ka nemi izini ka hau hasumiyar wani filin mai cunkoso, ka zauna awa biyu a bayan mai aiki da abin saurare a kunnenka, kada ka ce komai. Ka kuma roƙi kamfaninku su riƙa ɗaukar matasan hasumiya a kujerar bayan matuƙa, su ga yadda allon mai yake sauka lokacin da aka ce sitanbai. Ni sai da na yi shekaru a aiki kafin na zauna a kujerar nan, kuma gumin da na yi ranar ba na zafi ba ne.

Mahaifiyarka ta ce kilishin da ta aika maka ya isa ko bai isa ba, ba ka faɗa ba. Ka kira ta. In za ka zo Sallah ka faɗa da wuri a share ɗakin zaure, kuma ka zo da amsarka, yaran fada sun ce sai sun ji zagaye na biyu.

Kawunka,
daga Birni, Damagaram